Me ya sa nake kare .301 ɗin Yastrzemski

Duk lokacin da aka zauna lissafa manyan masu bugu a wasan besbol na Amurka, sai a tsallake Carl Yastrzemski da sauri. Hujjar ita ce matsakaicin bugunsa na duk shekarun wasansa .285 ne, wato a kowace dama dubu, sau 285 ya yi bugun da ya kai shi zango lafiya. Sai a jera shi da .344 na Ted Williams, wanda ya gada a ƙungiyar Boston Red Sox, a ce ai ba a haɗa su. Wannan hukunci yana ci mini rai, domin ana yanke shi ba tare da an dubi zamanin da mutumin ya yi wasa ba.

Yaz, kamar yadda magoya baya ke kiransa, ya buga daga 1961 zuwa 1983, kaka 23 a ƙungiya ɗaya. Ganiyarsa ta faɗo daidai lokacin da masu jifa suka fi ƙarfin masu bugu. A 1963 an faɗaɗa yankin da alƙali ke ƙidaya jifa a matsayin mai kyau, kuma a 1968 abin ya kai maƙura: mai jifa Denny McLain ya ci wasa 31, mai jifa Bob Gibson kuwa maki 1.12 kacal ake ci a hannunsa a matsakaicin wasa guda. A shekarar, matsakaicin bugu na duk gasar American League, wadda Red Sox ke ciki, .230 ne. Yastrzemski ya buga .301, shi kaɗai ya haura .300, Danny Cater na biye da .290. Ba a taɓa lashe kambun bugu, wato na wanda ya fi kowa matsakaicin bugu a gasar, da adadi ƙasa da .301 ba, abin da wasu ke ɗauka tamkar abin kunya.

To a yi lissafi. Idan ka raba .301 da .230, za ka ga ya zarce sa'o'insa da kusan kashi 31 cikin ɗari. A koma 1930, shekarar da matsakaicin National League, ɗaya babbar gasar, gaba ɗaya ya kai .303. Bill Terry na New York Giants ya buga .401, har yau ana jinjina masa. Raba .401 da .303, kashi 32 cikin ɗari ke nan. Tazarar maki ɗari a takarda, amma kusan tsayinsu ɗaya idan an auna kowa da mutanen zamaninsa. Wanda ya buga .301 a National League a 1930 bai ma kai matsakaici ba.

Hukumomin wasan da kansu sun yarda ma'aunin ya karkata. Bayan kakar 1968 suka rage tsayin tudun mai jifa daga inci 15 zuwa 10, suka kuma matse yankin jifan.

Akwai kuma abin da matsakaicin bugu ba ya gani sam. Yaz mai haƙuri ne, ba ya kai wa mugun jifa sanda. Sau 119 aka bar shi ya taka zuwa zangon farko kyauta a 1968, saboda haka yawan isarsa zango ya kai .426, a shekarar da sauran ke fama. Shekara guda kafin nan ya haɗa kambu uku: .326, bugu 44 da suka tsallake katanga, da maki 121 da ya shigo da su gida. Kuma ya ci gaba da wasa har yana da shekara 44, shekarun tsufan nan ne suka ja adadinsa ƙasa, duk da sun kai shi bugu 3,419.

Ba na cewa ya kamo Williams. Ma'aunin nan da na yi amfani da shi ma Williams yake ɗagawa: .406 ɗinsa na 1941 ya zo ne lokacin da gasar ke .266, fiye da kashi 50 cikin ɗari sama da matsakaici. A can Yaz bai isa ba, Terry ma bai isa ba.