Na buɗe cajin dare a rabin kuɗi, ashe mutanenmu ba sa iya kwana babu waya

Har yanzu in na kalli batiran nan da na saya da kuɗin riɗina sai raina ya sosu, don wallahi lissafin da na yi babu inda ya karkace. Shagon caji gare ni a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim. Da inji nake yi, to tunda aka cire tallafin mai a 2023 fetur ya fi ƙarfina sai na koma sola. Ita kuma sola da rana take aiki, da ranar ne kuma kowa ke kawo waya, soket ya cika a ringa rigimar wa ya riga wa, in dare ya yi kuma allon nan fayau babu ko ɗaya. Sai nace bari in ƙaro batir in tara wuta in buɗe cajin dare, ka kawo bayan isha'i, in manna mata lamba in sa a akwati in datse da kwaɗo, ka karɓa bayan asuba a cike taf, naira 50 maimakon 100. Duk wanda na tambaya sai yace kai wannan ai taimako ne, zai kawo. Ni a tunanina dare lokacin barci ne, wayar ba aikin da take yi wa kowa.

Daren farko an kawo da yawa kam, na rufe shago na tafi gida ina murna. Wajen sha ɗaya sai ga sallama a ƙofar gida. Wani magidanci ne, sa'an ƙanin mahaifina, mutum mai mutunci a garin nan, yace "Malam don Allah yi haƙuri na tashe ka, taimaka ka buɗe min, akwai kiran da nake jira." Nace to Baba ba komai, na ɗauki tocila muka tafi. Wayar ko kashi 40 ba ta kai ba. Na miƙa masa, wallahi bai kira kowa ba, bai ma duba ko an kira shi ba, nan bakin shagon ya tsaya haske ya cika masa fuska babban yatsansa na ta tura allon sama, har na gama datse kwaɗon bai ɗago ba. Ya ba ni ɗari yace in riƙe canjin. Ban kai ga kwanciya ba wani ya sake sallama.

Haka aka ringa yi min har maigida ya kira ni yace wai wace irin sana'a ce wannan da ake buga wa mutane ƙofa tsakar dare. Sannu a hankali masu kawowar suka janye, suka koma layin rana suna biyan ɗari da son ransu, batiran da na zuba wa kuɗin noman shekara guda suna zaune a cike.

Da farko na zaci rashin yarda ne, ko suna tsoron in leƙa musu sirri. To amma mutanen nan su ne dai suke barin min wayar tun safe su tafi fadama sai la'asar, kuma kowacce a kulle take da lambar sirri. Da rana hannu yana da aiki, akwai fartanya akwai shanu akwai kasuwa. Daren ne, lokacin da mutum zai kwanta daga shi sai zuciyarsa, shi ne ba sa iya jurewa. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, kullum samari muke zagi a kan waya, amma masu buga min ƙofa yawancinsu magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Saurayi in ubansa ya ce kai ta shago zai kai ko yana gunaguni, shi babba wa zai ce masa?

Wani ɗan acaɓa abokina shi ya faɗa min gaskiya. Yace ranar da ya bar ta a wajena ya kwanta sai hannunsa ya ringa zuwa ƙarƙashin matashi da kansa, har ya ji kamar tana girgiza a aljihu alhali ko rigar babu a jikinsa, barci ya ƙi zuwa, ransa ya ringa ɓaci ba dalili, kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Yace shi kansa abin ya ba shi tsoro.

Da ƙanina ya zo hutu daga Jami'ar Tarayya ta Dutse na kwashe labarin na ba shi, sai yace Yaya ai wannan sanannen abu ne, jin girgizar da babu ita ma an yi bincike a kai, mutane da yawa na ji. Ya ba ni labarin wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B.F. Skinner, da ya yi gwaji da tantabaru wajen shekarun 1950. Tantabara ta caki wani maɓalli tsaba ta faɗo. In kullum tsabar na faɗowa, da an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. Amma in wani lokaci ta faɗo wani lokaci ta ƙi, ba ta san yaushe ba, to nan ne take ta caka ba ji ba gani. Yace haka bidiyoyin nan suke, ka tura guda biyar ba komai na shida ya ba ka dariya, sai ka ce bari in ga na gaba ko shi ne. Kuma ba su da ƙarshe, da can shafi yana ƙarewa sai ka danna kafin wani ya buɗe, wani mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro wannan turin da ba ya ƙarewa a 2006, daga baya shi da bakinsa ya fito yace ya yi nadama. Sai na tuna yatsan Baba a bakin shagona. Ga kuma hasken allon da yake jinkirta sinadarin da jiki ke fitarwa in dare ya yi don mutum ya ji barci.

Tun daga nan idona ya buɗe a kan abubuwan da kullum nake gani a shago ban lura ba. Mutum ya kawo caji ya kasa tafiya, ya tsuguna jikin soket yana latsawa igiyar caza ko kamu biyu ba ta kai ba. Sabis ya ɗan yi nauyi ka ji tsaki kamar an zage shi, mutumin da zai shuka gero ya jira wata uku. Majalisar gindin darbejiya da a da sai an kore mu saboda surutu, yanzu mutum shida a tabarma kowa da abin kunne, ka yi sallama sai ka maimaita. Wani kuma lafiya lau zai zo, ya ga sa'ansa da ya tafi Abuja ko Saudiyya ya ɗora hoto jikin mota, shikenan yinin ranar ya lalace, ya fara zancen zaman ƙauye ba shi da amfani, alhali bai san motar ta waye ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai, wata yarinya ce ƙarama ta zo da magariba tace "Innarmu tace a gaishe ka, wai don Allah in Baba ya zo da dare kar ka ba shi wayarsa." Na rasa abin da zan ce mata. Kayansa ne, ba ni da ikon hana shi. Amma matar aure ta aiko wa mai caji da irin wannan saƙo, kai ma ka san ta daɗe tana magana a ɗaki ba a jin ta.

Ni ba cewa nake waya sharri ba ce, da ita nake ci. Da ita muke jin farashin riɗi kafin dillali ya zo ya yi mana wayo, da ita ake turo kuɗi daga birni, yaranmu kuma tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, wanda bai saba da allo ba ya sha wahala. Kuma 'yan kaɗan da suka daure suka ci gaba da kawowa na ga canji da idona. Wani malamin firamare yace min dararen farko ne masu wuya, daga baya barci ya dawo masa, ciwon kan safe ya tafi, yanzu a sahun farko nake ganinsa da asuba.

Duk ɗan uwa mai sana'ar nan da ke tunanin irin wannan, kar ka sayi batir a kan alƙawarin baki, kowa zai ce maka zai kawo kuma ba ƙarya yake ba, shi ma bai san ba zai iya ba. Gwada da abin da ke hannunka tukuna ka ga mutum nawa za su kai asuba. Wanda kuma yake son ya rage, kar ya ce zai ajiye ta gefen katifa ya daure, ba a daurewa, a fitar da ita daga ɗakin kwana gaba ɗaya, a nemi 'yar ƙarama mai tocila saboda kiran gaggawa.

Batir ɗaya na sayar a faɗuwa, ɗayan na bar shi saboda masu kawowar. Sai dai yanzu da sharaɗi, kafin in karɓa nake faɗa wa mutum komai girmansa cewa in kwaɗo ya shiga sai an idar da sallar asuba, in dai ba rashin lafiya ko rasuwa ba. Wasu sun ji haushi sun koma shagon bakin tasha, shi ma Baban nan yana cikinsu.