Na kai dutsen wuyan Inna Bida

Dutsen wuyan Inna ne ya kai ni Bida. Tun na aurenta ne, tsakiya baƙaƙe wuluk da 'yan ƙwayoyin azurfa a tsattsakani. Jikanta ya finciki zaren, duwatsun suka watse a tsakar gida, aka tsince duka sai guda biyu. Na zaga kasuwanni ban sami irinsu ba, har wani dattijo mai sayar da carbi ya jujjuya ɗaya a tafin hannu ya ce aikin Nufawa ne, in nemi Masaga.

Daga Suleja muka bi ta Lambata, Lapai da Agaie. Hanyar ta manyan motoci ce, mu ƙanana sai dai mu lallaɓa tsakaninsu. Da la'asar sakaliya muka shiga Bida, garin Etsu Nupe sarkin Nufawa, na kwana, da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ni a unguwar Masaga.

Na zaci zan ga masana'anta. Ɗaki na tarar, bangonsa ya yi baƙi da hayaƙi, a tsakiya murhun yumɓu mai ƙaramin baki, maza huɗu zaune kewaye da shi, wani yaro yana ta zuga. A bakin ƙofa tulin kwalabe ne an ware su launi-launi: kore, ruwan ƙasa, shuɗi na kwalaben magani, da farare na man shafawa. Su ne kayan aikin.

Na daɗe ina kallon yadda ake yin ƙarau. Mai aikin ya ɗebo narkakken gilashi a kan sandar ƙarfe, ya huda shi, ya shiga juyawa yana mayarwa wuta, yana faɗaɗa ramin da wani ƙarfen, har ɗan curin nan ya buɗe ya zama zagaye. Babu mahaɗi ko ɗaya a jikinsa, babu ma'auni, ido ne kawai da saurin hannu, domin gilashi ba ya jiran mai tunani. Tsakiya kuwa naɗa ta ake yi a jikin tsinken ƙarfe, a ɗiga mata wani launin, sannan a binne ta cikin toka ta huce a hankali. Idan iska ta buge ta da zafinta, tsagewa take yi. Ni da nake zaune can bakin ƙofa rigata ta jiƙe sharkaf, su kuwa hira suke da Nufanci kamar a gindin bishiya.

Na miƙa wa babbansu ƙullin, na ce, "Baba, biyu nake nema irin waɗannan."

Ya ɗaga ɗaya saitin hasken ƙofa, ya yi shiru. "Ɗana, wannan ba kwalba ba ce. Bikini ce."

Haka suke kiran gilashin da kakanninsu ke dafawa da kansu daga yashi da kanwa, a murhun da ake kwana da kwanaki ana ba shi itace. Da kwalaben Turawa suka yawaita, narka su ya fi sauƙi, sai aka bar dafa bikini. Mutanen Masaga suna cewa daga Masar kakanninsu suka taso da sana'ar, suka biyo ta Borno. Wani Bature mai binciken al'adu, S. F. Nadel, ya bayyana aikinsu a littafinsa kan ƙasar Nupe na 1942, kuma a 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu. Karramawar dai ba ta hana awarwaron roba cika kasuwa ba.

Baba ya ce zai yi mini daga kwalba mai duhu, amma kada in ce wa Inna iri ɗaya ne. Kafin su huce ya haɗa ni da yaro zuwa wurin maƙeran fari, don ƙwayar azurfa ɗaya ta lotse. Maƙerin ya goga ta, ya ce mai yiwuwa daga liyari aka narko ta, wato dalar nan ta Mariya Tariza da kusan kowacce ke ɗauke da shekarar 1780. Kafin ya taɓa ta sai da ya ɗora ta a sikeli. A nan na ga bambancin sana'o'in biyu. Azurfa ko ta lotse tana da nauyinta, mace na iya sayar da ita ranar buƙata. Mai gilashi ba shi da wannan madogara: kayansa fasasshiyar kwalba ce, duk abin da za a biya shi ladan hannunsa ne da zafin da ya sha. Amma shi aka fi yi wa tayin wulaƙanci.

Washegari na karɓi tsakiyoyin, Baba da kansa ya shirya su a sabon zare. A cikin ɗaki ba ka bambance su. Da na fito rana na ɗaga, biyun suka nuna ja-ja kamar shayi, sauran suna nan baƙaƙe. Inna ba ta ma fita rana ba. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan sababbin, ta ce a mayar da su can baya wajen ƙulli, inda mayafi zai rufe.