Neron ba jarumi ba ne, tsoron bakin mutane ne ya ci shi

Duk wanda ya ji sunan Neron abin da ke zuwa ransa shi ne azzalumin sarkin Roma mai taurin zuciya, to amma in ka zauna ka karanta Britannicus, wasan kwaikwayon da Rasin ya rubuta a Faransa a 1669, wani mutum daban za ka tarar. Yaro ne mai raunin hali da ba ya iya haɗa ido da uwarsa.

Asalin rikicin ma irin wanda muka sani ne, 'yan ubanci. Neron agola ne a gidan sarki Kulodiyus, uwarsa Agripin ce ta shigo da shi da ta auri sarkin, ta yi ta kutun-kutun har aka ɗauke shi ɗa aka ture Biritanikus wanda shi ne ɗan cikin sarki. A shekara ta 54 Kulodiyus ya mutu, agola ya hau gado yana ɗan shekara 16.

Ni dai Agripin ce ta fi tsaya mini a rai. Wasan da ita yake buɗewa, da sassafe tana tsaye ƙofar ɗakin ɗanta tana jiran ya tashi, matar da a da bayan labule take zama tana sauraren majalisa ana yin abin da take so. Halinta ɗaya ne, gori. A kashi na huɗu ta zaunar da shi ta dinga lissafo masa, ni na auri baffana saboda kai, ni na aura maka 'yar sarki, ni na samo maka malamai, ni na sayo maka sojoji, ba ta bar ko ɗaya ba, kuma duk gaskiya ne fa, sai dai babu soyayyar uwa a ciki ko kaɗan, bashi ta zo karɓa. Ko goyon bayan da ta koma yi wa Biritanikus ba don tausayi ba ne, so take ta riƙe abin da za ta dinga razana ɗanta da shi.

A fadarmu nan Zangon Damagaram mun taɓa kwasar musu kan wannan ana shayi, wani abokinmu mushe ne a lise, wato malamin sakandare, ya dage wai Narsis, mai kula da Biritanikus, shi ne shaiɗanin wasan. Eh munafuki ne na ƙarshe, Biritanikus ya ɗauke shi amini yana zazzage masa cikinsa shi kuma yana kwashewa ya kai wa Neron. Amma me ya faɗa wa Neron da ya juya shi? Burus, tsohon sojan nan mai gaskiya, ya riga ya durƙusa ya roƙe shi har ya yarda ya fasa kisan ɗan'uwansa. Narsis na shigowa bai yi wani dogon wa'azi ba, cewa kawai ya yi uwarka na can tana alfahari wai kallo ɗaya ta yi maka ka sauko, manyan fadarka kuma na cewa ba ka iya komi ba sai tseren keken doki da waƙa a dandali. Shi ke nan, magana ta ƙare. Narsis bai dasa komi ba, wurin da ke ciwo ya danna.

Dubi ma yadda yake soyayya. Ya sa an sato Juni, budurwar Biritanikus, cikin dare, sannan ya tilasta mata ta kori Biritanikus da bakinta shi kuma ya laɓe yana leƙe, in ta ko yi masa alama da ido yaron ya mutu. Sarki guda da laɓewa, haba.

Biritanikus kam Allah sarki, zuciya fara amma ba wayo, kowa ya yi masa murmushi ya yarda. Juni ta fi shi hankali nesa ba kusa ba, har kuka ta yi kar ya je walimar sulhun nan, ya je, aka miƙa masa kofi da guba. Yana faɗuwa rabin mutanen suka watse da ihu, Neron ko gezau, ya ce ai tsohuwar cutarsa ce ta tashi.

A nan Agripin ta dube shi ta ce ta san ita ma hannunsa zai kai kanta. A tarihi an kashe Biritanikus a shekara ta 55, ita kuma Neron ya sa aka kashe ta a 59.