Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Baƙin Tabon Ƙwaurina

A makon jiya na tsayar da labarina a inda wani guntun itace ya karce ni a ƙwauri, na wanke wurin na manta da shi, alhali shekarata goma sha ɗaya ke nan da ciwon suga, kuma a watannin nan na yi sakaci da allurar insulin.

Cikin kwana biyar wurin ya kumbura ya yi ja, sannan tsakiyarsa ta yi baƙi ta bushe kamar ƙunar wuta. A asibitin da na fara zuwa an ba ni maganin kashe bakteriya har iri biyu, amma baƙin sai ƙara faɗi yake yi. Ban ga laifinsu sosai ba, domin gyambon mai ciwon suga galibi bakteriya ce ke haddasa shi.

Wata likitar fata ce ta yanki ɗan nama daga gefen ciwon ta aika ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta ce, "Malam, fumfuna ce ta shiga jikinka, sunan cutar mukomaikosis." Ni da na ɗauka cutar fumfuna a fata ba ta wuce makero da ƙyasbi ba, sai na ji abin wani iri. Ta bayyana mini cewa wannan fumfuna tana rayuwa cikin ƙasa da ruɓaɓɓun ganyaye, kowa yana cuɗanya da ita ba tare da ta cuce shi ba, amma idan suga ya hau ya raunana garkuwar jiki, sai ta kutsa cikin jijiyoyin jini ta toshe su, naman da suke ciyarwa ya mutu, shi ne baƙin da nake gani. Ita ce cutar da ta addabi Indiya a 2021 lokacin korona, sai dai a can yawanci ta hanci da ido take kamawa.

Washegari aka yi mini tiyata aka kankare mataccen naman, aka fara ɗaura mini maganin kashe fumfuna mai suna amfoterisin B ta jijiya. Maganin yana zuwa da zazzaɓi da karkarwa, kuma kusan kullum sai an ɗebi jinina saboda yana wahalar da ƙoda. A kwana na shida likitar ta shigo riƙe da takardar gwajin ƙodata, ta ce a kira mata matata.

Mu haɗu mako mai zuwa.