Ranar da na je neman haya a Hotoro

Ana saura wata biyu aurena, dillali ya kai ni wani gida a Hotoro, ciki biyu da falo, ga rijiya a tsakar gida. Na gani na yaba. Ya ce saura ganin mai gidan.

Dattijo ne, mun tarar da shi a zaure kan buzu, carbi a hannu. Ko zancen kuɗi bai yi ba. "Yaro, ɗan gidan wa ne kai? Mece ce sana'arka?" Na ce ina koyarwa a firamare. Ya yi shiru, sannan ya ce ba ya ba wa gwauro haya, sai in kawo wanda zai tsaya mini.

Abin ya yi mini ciwo, don ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. A hanya dillalin ya gaya mini cewa wanda ya tashi ya bar wa dattijon bashin wuta da ƙofofi a ɓalle.

Washegari kawuna ya raka ni, ashe sun san juna tun a Kantin Kwari. Dattijon ya karɓi kuɗin shekara, ya miƙo mini makulli, ya ce maƙwabta suna ɗiban ruwa a rijiyar nan, kada in hana su.