Yadda na mayar da tsohuwar riga kayan shigar burtu

Rigar doguwa ce ta satin, shuɗiya mai duhu, da dogon hannu da zif a baya. An gayyace ni wata walima, aka ce kowa ya zo da shigar burtu, ni kuma na zaɓi fitowa a matsayin sarauniyar dare: siket mai kumbura, gaba gajere, baya har ƙasa, ga taurari a warwatse.

Kafin almakashi ya taɓa ta, na wanke ta, na juya ta, na ɗaga ta ga haske. Tsohon yadi ba ya nuna rauninsa sai an bincika. A hammata na ga zaren ya sake har haske na ratsawa, don haka hannayen ne suka fara tafiya. Farke su na yi da reza, ɗinki bayan ɗinki. Da yanka na yi, da na rasa rabin incin da ake kalmasa bakin da shi. Hannayen biyu na buɗe su, na haɗa su a tsawo, suka zama ɗamara.

Wajen rage gaban siket na sa rigar tare da takalmin da zan fita da shi, aka sa mini alamar alli a gwiwa, na ƙara inci ɗaya. Sai na ninke siket ɗin a tsakiyar gaba, na kafe shi da fil duk bayan inci uku, domin satin santsi gare shi, ɓari ɗaya yakan zame ya fi ɗaya tsawo. Kuskurena a nan gaggawa ce. Ina gama yanka na hau keke na kalmasa, washegari bakin ya yi tudu da kwari. Yankan da ya zagaya yana bin yadi a karkace, wurin kuwa miƙewa yake da nauyin kansa. Dole na farke, na rataye rigar kwana guda, na daidaita bakin, sannan na yi siririyar kalmasa ta kwatan inci, ninki biyu, da allura lamba 11. Babbar allura tana jan zaren satin ta bar layi.

Inda na fi shan wahala shi ne net, wato yadi mai raga-raga da zai kumbura siket ɗin. Da farko a ƙugun rigar na ɗinka shi, hawa uku. Tsohon ɗinkin ƙugu bai iya ɗaukar nauyin ba, ya buɗe kusa da zif, zif ɗin ma ya riƙa cije net ɗin. Na cire duka na yi masa siket na ciki daban, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan. Ƙuguna inci 30 ne, na yanka roba mai faɗin inci ɗaya, tsawo inci 28. Kowane hawa na net inci 90 na yanka. Na bi bakinsa na sama da layi biyu na ɗinki mafi tsawo da keken ke yi, na ja zaren ƙasa na tattara shi. Layi ɗaya tsinkewa yake a tsakiyar aiki. A lura da wannan: tattarar ba daidai ƙugu ake tsayar da ita ba, daidai zagayen wurin da ya fi faɗi a ƙasan ƙugu ne da ƙarin inci biyu, in ba haka ba siket ɗin ba zai shiga ba. Na raba robar gida huɗu, na raba net ɗin gida huɗu, na haɗa alamomin, na ɗinka da zigzag ina jan robar. Miƙaƙƙen ɗinki a kan roba tsinkewa yake tun sawar farko. Wurin da ya buɗe a ƙugun rigar na ɗinke shi da hannu, ɗamarar ta rufe shi.

Taurari 40 na yanka daga yadi mai ƙyalƙyalin azurfa, manya da ƙanana. Gam mai zafi bai yi ba, yana daskarewa ya yi ƙulli, da an lanƙwasa yadin sai ya ɓamɓare. Gam na yadi ya kama, amma ɗigo kaɗan a tsakiyar tauraro ya isa, kuma sai da kwali a cikin rigar, domin yana ratsa satin ya manne gaba da baya. Na bar shi awa 24 a shimfiɗe. Ban sa ko ɗaya a wurin zama ba.

Guga da wuta kaɗan, ta ciki, da ƙyalle a sama. Net kam ko kusa, narkewa yake nan take. Ratayewa na miƙar da shi.

Ana gobe walima na sa kayan duka, na zauna, na ɗaga hannu, na hau matakala. A nan dunduniyata ta taka bayan siket har sau biyu, na rage masa inci uku na sake kalmasawa.