Wasiƙa daga Fulorida: yadda ake samun aikin ɗakin kiran gaggawa na 911

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida,

Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da hidimomin yau da kullum. Dalilin wannan wasiƙa tambaya ce da ta yawaita tun da aka ji ina aiki da ofishin Sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, a wata gunduma ta jihar Fulorida: wa ya yi maka hanya, kuma nawa ka kashe? Wasu ƙannenmu ne da suka riga suka shigo Amurka ke tambaya, wasu kuma iyayensu ne ke tambaya a madadinsu. Babu wanda ya yi mini hanya, ban kuma ba kowa na goro ba. Sai dai hakan ba ya nufin abin da sauƙi, shi ya sa nake so in yi muku bayani dalla-dalla.

Ni ba ɗan sanda ba ne, ba na riƙe bindiga. Ina zaune ne a ɗakin da kiran lambar 911 ke faɗowa, da allunan kwamfuta jere a gabana, da abin magana a kunne, da feda a ƙarƙashin tebur da nake takawa idan zan yi magana a rediyon oba-oba. Aikin kashi biyu ne. Wani yana amsa wayar mai neman agaji yana rubuta abin da ya ji, wani kuma yana kan oba-oba yana tura 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko motar asibiti, yana kuma bibiyar inda kowane jami'i yake har ya gama. An fara amfani da lambar 911 a ranar 16 ga Fabrairu, 1968, a ƙaramin garin Haleyville na jihar Alabama, yanzu kuwa ana kiyasta kira kusan miliyan 240 ne ke shigowa a shekara a faɗin ƙasar. Ƙa'idar da NENA, ƙungiyar masu aikin 911 ta ƙasa, ta shimfiɗa ita ce a ɗaga kashi 90 cikin 100 na kiran kafin daƙiƙa 15 ta cika.

Ta fuskar takardu, abin da ake nema kaɗan ne. A yawancin wurare shekara 18 da shaidar gama sakandare sun wadatar, ba a neman digiri. Mai takardar WAEC zai kai ta wajen kamfanonin da ke auna takardun ƙasashen waje su tabbatar ta yi daidai da ta nan. Amma dole mutum ya riga ya sami izinin yin aiki a Amurka. Wasu ofisoshin suna karɓar mai katin zama na dindindin, wasu kuwa sai ɗan ƙasa, kuma sharaɗin yana rubuce a cikin sanarwar neman ma'aikata. Ku ji wannan da kyau: ba a ɗauko mutum daga Kano ko Maraɗi a yi masa biza don wannan aiki. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi zai sama muku gurbi, ɗan damfara ne. Fom ɗin kyauta ne, a shafin intanet na gunduma ko na birni ake cike shi.

Matakin farko jarrabawa ce a kwamfuta. Ana auna saurin buga rubutu, galibi kalma 35 zuwa 45 a minti ɗaya, ba tare da yawan kuskure ba. Sannan akwai wata jarrabawa da ofisoshi da yawa ke amfani da ita, CritiCall. Murya tana karanto maka suna da adireshi da lambar mota kana bugawa, kana cikin haka sai wani saƙo ya faɗo a gefe, wai wayar lantarki ta tsinke a kan titi, ka zaɓi wanda za a tura cikin 'yan daƙiƙoƙi, ka koma kan rubutunka ba tare da ka rasa inda ka tsaya ba. Ana nuna maka taswira a ce ka faɗi hanya mafi kusa. A nan mutanenmu da yawa ke tuntuɓe, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Turancin da muka koya a makaranta daban yake da na tsohuwar da ta tashi a ƙauyen kudancin Amurka tana kuka tana haɗiye rabin kalmominta. Maganinsa shi ne kunne ya saba. Saurari rediyon garin da kake, haddace sunayen tituna da yadda 'yan garin ke furta su, ka riƙa buga abin da kake ji har yatsunka su daina jiran idonka.

Inda na fi so ku tsaya ku natsu shi ne binciken tarihin mutum, domin shi ne ƙashin bayan ɗaukar aikin. Za a miƙo maka fom mai shafuka masu yawa. Duk gidan da ka taɓa zama cikin shekaru goman da suka wuce, duk inda ka yi aiki da dalilin barinka, tarar da aka taɓa cin ka a kan titi, bashin da ake bin ka, ko ka taɓa shan ƙwaya, yaushe, sau nawa. Sai a ba wani jami'i fayil ɗinka, ya kira mai gidan hayarka na da, ya kira tsohon shugabanka a wurin aiki, wani lokaci har ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. A ɗauki hoton yatsunka a aika hukumar FBI. A ofisoshi da dama a zaunar da kai gaban na'urar gano ƙarya, a kuma kai ka wajen likitan halayyar ɗan Adam, a gwada jinka, a gwada fitsari. Abin kan ɗauki watanni, kuma wanda ya yi zama a ƙasar waje nasa ya fi jinkiri.

Me ya kawo wannan tsanani? Wanda ya zauna a kujerar nan yana da damar shiga rumbun bayanan masu laifi na ƙasa, NCIC, wanda FBI ta buɗe a 1967. Da lambar mota kaɗai zai iya gano mai ita da inda yake kwana. Matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta, bayaninta na iya bi ta hannunsa. Ba a damƙa irin wannan amana ga wanda aka kama da ƙarya tun a fom.

Abin da na lura da shi kuwa shi ne, ɓoye abu ya fi abin kansa kayar da mutane. Babban laifi da kotu ta tabbatar yana rufe ƙofa, wannan babu ja. Amma tsohuwar tarar gudu da mota, ko korar da aka taɓa yi maka a wani shago shekarun baya, sau da yawa ana iya wuce su idan kai ka faɗa da bakinka. Idan mai bincike ne ya tono, shi ke nan. Mu kuma muna da wata matsala tamu: ranar haihuwa ɗaya a fasfo, wata daban a takardar makaranta, suna Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a wata takarda. A gida wannan ba abin ɗaga hankali ba ne, a nan kuwa yana iya kama da yaudara. Ka rubuta duk sunayen da ka taɓa amfani da su, ka yi bayanin bambancin tun kafin a tambaye ka, ka riƙe takardar rantsuwa ta kotu idan kana da ita. Haka batun tabar wiwi. Jihohi da yawa sun sassauta dokarta, amma ofisoshin tsaro da dama ba su sassauta ba, don haka kada wani aboki ya ruɗe ka da cewa ai yanzu doka ta yarda.

Idan aka ɗauke ka, sai karatu. Jiharmu ta koyi darasinta ne da rai. A ranar 17 ga Janairu, 2008, aka sace wata matashiya mai 'ya'ya biyu, Denise Amber Lee, daga gidanta a garin North Port. Wata mata da ke tuƙi ta ga ana ihu ana dukan gilashi a motar da ke gefenta, ta kira 911, ta yi mintuna tana faɗin titunan da motar ke bi. Bayanin bai kai ga jami'an da ke kusa ba. Bayan kwana biyu aka tsinci gawar. Iyalanta suka tashi tsaye, kuma a 2010 majalisar jiha ta wajabta horo da takardar shaida ga duk mai wannan aiki. Yanzu sai ka yi awa 232 na horo, ka ci jarrabawar ma'aikatar lafiya ta jiha, kana sabunta takardar duk shekara biyu. Kowace jiha da nata tsarin, wasu ma awoyinsu ba su kai haka ba, kuma a ganina wannan giɓi ne da ya kamata a toshe.

Bayan aji sai zama kusa da mai horarwa, kunnenta a kan layinka, tana rubuta rahoto a kanka kowace rana, watanni a jere. Abu na farko da take cusa maka shi ne adireshi kafin komai, domin idan waya ta yanke ka san inda za ka tura agaji. Na ga amfanin wannan wani dare da wani dattijo ya kira, matarsa ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ya faɗi lambar gida da titi, na maimaita masa, motar asibiti ta tashi tun muna magana. Na ce ya kwantar da ita rigingine a ƙasa, ya ɗora hannu a tsakiyar ƙirjinta, ya danna da ƙarfi. Ana son dannawa 100 zuwa 120 a minti, don haka nake ƙirga masa da babbar murya yana bina, numfashinsa na sarƙewa, har na ji an buɗe ƙofa ma'aikatan lafiya sun shigo. Sai layi ya katse, wani kira ya shigo. Yawancin lokaci haka aikin yake, ba ka jin ƙarshen labari, kuma wannan yana cin rai fiye da yadda mutum zai zata.

Kada in ɓoye muku sauran nauyin. A wurare da yawa awa 12 ake yi a zaune, dare da rana, kuma sabon shiga shi ke kwasar aikin dare da na ranakun hutu. Ma'aikata sun yi ƙaranci, don haka ana iya tsare ka obatayim ba da son ranka ba. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a nan, idan ta doso gari kowa na kwashe iyalinsa, mu kuwa da bargo da kayan sawa muke tafiya ofis mu kwana can. Juma'a da ranar Sallah na iya faɗowa a ranar aikinka. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya yi ƙoƙarin sama wa ma'aikaci sauƙi a kan addininsa matuƙar ba zai gurgunta aiki ba, saboda haka ka yi maganar sallah da ɗankwali da azumi tun da wuri, cikin ladabi. Musayar rana da abokan aiki na warware da yawa: ka riƙe musu Kirsimeti, su riƙe maka Idi. Matsakaicin albashi a ƙasar yana kusa da dala 50,000 a shekara kafin haraji, da inshorar lafiya da fansho. Kada a buga shi da naira ko sefa a ɗauka dukiya ce, kuɗin haya kaɗai na cinye kaso mai tsoka.

Nakan tuna gida idan ina wannan aiki, domin Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta gina cibiyoyin kiran gaggawa na lamba 112 a jihohi da dama. Matasan da ke zaune a waɗannan ɗakuna suna fama da abin da ni ba na fama da shi: mai kira ba shi da lambar gida sai kwatance, bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi. Wanda ya san lungunan garinsa, yake jin Hausa da Fulatanci ko Barbarci, yake iya kwantar da hankalin mai firgita, shi ya dace da kujerar, kuma ina roƙon masu ɗaukar aiki a can su zaɓe shi ko da ba shi da uwa a gindin murhu.

Ga ƙannena da ke nan Amurka kuma suke sha'awa, kafin ku cike fom ku kira ofishin ku nemi izinin zuwa kallo. Da yawa suna barin mai neman aiki ya zauna 'yan awoyi kusa da ma'aikaci da abin ji a kunne. Ku nemi daren Juma'a ko na Asabar, lokacin da layuka ke cika. Ku fara tattara tsofaffin adireshinku da lambobin wayar waɗanda kuka yi wa aiki tun yanzu, domin idan fom ɗin bincike ya zo, kwanaki kaɗan ake bayarwa a mayar da shi.

A gaida mutanen gida, manya da yara. Wassalam.

Ɗan uwanku a Fulorida